Gaisuwar da Ta Hana Mu Shiga Zangon Sama

Da sunan Wanda ya ɗaga sammai babu ginshiƙi, ya rataye duniyoyi babu igiya, ya bai wa kowace al'umma harshenta da irin tata wautar. Ni ne Korau ɗan Barmo, baduku jikan baduku, mutumin Tudun Gishiri a duniyar Jandutse, inda rana biyu ke fitowa, ƙarama ta riga babba. Na yi yawo, na sha ruwan rijiyoyin da ban san masu su ba, na hau sama na dawo ba a buɗe mini ƙofa ba. Duk wanda ya ce muku laifin inji ne, rufa mini asiri yake yi. Laifin bakina ne, ga kuma yadda aka yi.

A gidanmu akwai wani ɗinki da muka gada kaka da kakanni, ana ce masa rufin asiri. In aka ɗinka salka da shi aka hura mata iska aka rataye, sai ta shekara bakwai ba ta saki ba. Babana ya rasu bai koya mini ba, don lokacin da yake kira na in zauna, ni ina bayan gari wajen kokawa. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya iya shi, ita ce ƙanwarsa, Gwaggo Cima, wadda ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyata. Ita kuma ba ta ma cikin duniyar. Shekara talatin ke nan da mutanen Zangon Sama suka ɗauke ta tana ɗinka musu rigunan fita waje. Zangon nan gari ne guda na ƙarfe, yana rataye can sama da gajimare, yana kewaya Jandutse ba ya gajiya.

Na aika mata wasiƙa ta fi ashirin ina roƙon ta rubuto mini sirrin. Amsarta kullum layi ɗaya ce: "Ɗinki a hannu yake, ba a takarda ba. In kana so, ka zo." Sai wata shekara amsar ta zo da ƙarin kalma biyu: "Ka zo da wuri." Gwaggo ta haura tamanin, kuma ba macen da ke ƙara magana a banza ba ce. Ranar ban iya cin tuwo ba. Na ji tsoron ta tafi da ɗinkin, na fi jin tsoron ta tafi ban sake riƙe hannunta ba.

A wancan zamani kumbon mutanen Arewacin Ƙanƙara ne kaɗai ke zuwa Zango, su kuwa ba sa ɗaukar baƙo ko da zai kwanta ya yi birgima. Amma na ji labari ana ƙera kumbon ƙasarmu na farko a Birnin Ƙaho. Na ɗaura jakar aikina na kama hanya. Na ƙetare Tekun Toka, wadda babu ɗigon ruwa a cikinta, jirage na tafiya a kan toka da filafilai, kifayenta kuma ba abin da suke yi sai atishawa. Na ratsa Dajin Tsaye, inda itatuwa ke matsawa gefe in ka yi musu sallama, in ka manta kuwa ka kwana uku kana zagaye wuri ɗaya. Ni ban manta ba ko sau ɗaya. Tun ina yaro an san ni da iya gaisuwa, har tsofaffin unguwa ke misali da ni.

A Birnin Ƙaho na tarar ana neman mutum na uku, wanda zai kula da wuyan kumbo, don bakin da yake haɗuwa da ƙofar Zango an naɗe shi da ƙirgi mai kauri. Mu arba'in muka fito nema. Aka riƙa saka mu ɗaya bayan ɗaya cikin wani ƙaton tulun ƙarfe, a juya shi kamar ana kaɗa miya, a ga wanda cikinsa zai riƙe. Malamai masu tabarau suka fito suna amai, sojoji suka fito suna kiran iyayensu mata. Ni da na girma a gefen majema, na saba cin ɗumame kusa da ramin jima, babu abin da ya rage a duniya da zai tayar mini da zuciya. Na fito na tambaya ko akwai sauran abincin rana. Nan take aka rubuta sunana.

Shugaban tafiyar shi ne Madugu Jatau, dogon mutum mai gashin baki, wanda bai taɓa yarda ya ɓata hanya ba ko da an same shi a garin da bai nufa ba. Ta biyu ita ce Tasalla mai inji, 'yar gajeruwa mai saurin hannu da saurin baki.

Ranar tashi na ji kamar an ɗora mini buhun gero goma a ƙirji. Can sai aka sauke su gaba ɗaya, har da nauyin da na zo da shi daga gida. Jakata ta tashi, hulata ta tashi, ƙwallayen furar da matar Madugu ta yi mana guzuri suka fice daga ƙwarya suna yawo a cikin kumbo. Na ga Madugu Jatau, mutumin da ko dariya ba ya yi a gaban jama'a, ƙafa a sama kai a ƙasa, baki buɗe, yana farautar fura. Ta taga kuma ga Jandutse can ƙasa, ja da fari, ba ta fi faifai ba. Na nemi Tudun Gishiri har idona ya yi ruwa ban gan shi ba.

A rana ta biyu wata tsakuwa da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba ta zo da gudunta ta bugi goshin kumbo, inda ƙugiyar kama ƙofar Zango take. Tasalla ta leƙa ta ja tsaki.

"Madugu, ƙugiyar ta lanƙwashe. A haka ba za ta kama ƙofarsu ba."

"To yaya za a yi?"

"Ba abin damuwa ba ne. Suna da wani dogon hannun ƙarfe da suke janyo kumbon da ya samu matsala. In mun isa a faɗa musu kawai."

Madugu ya murza gashin baki ya dube ni. "Baduku, kai za ka riƙe rediyo. Wannan ne zuwanmu na farko, ba na so a ce mutanen ƙasarmu ba su da tarbiyya."

Wallahi na ji daɗi har kaina ya yi girma.

Abin da babu wanda ya gaya mana shi ne halin mutanen Zango. Su a can aka haife su, inda iska abar aunawa ce, kowane numfashi da lissafinsa. Saboda haka ba sa gaisuwa. In ɗan Zango ya yi maka tambaya, amsar yake nema, kuma sau ɗaya yake yi.

A rana ta uku Zango ya bayyana a gabanmu, fari fat, da fukafukai masu ƙyalli, ga dogon hannun nan a miƙe kusa da ƙofa. Na gyara murya.

"Salamu alaikum, mutanen Zango."

Wata murya busasshiya ta amsa, ta mai tsaron ƙofarsu. "Kumbo, an ji ku. Yaya ƙugiyarku?"

Na ce a raina, ka ji mutanen kirki. Manomi akan tambaye shi ya ruwa, ɗan kasuwa ya ciniki, ashe su nan da ƙugiya suke gaisawa.

"Lafiya lau, alhamdulillahi. Ya gida, ya iyali? Ya iska?"

"Iska kashi tamanin da bakwai. Kuna da matsala?"

Ku faɗa mini tsakani da Allah, wane ɗan halak ne zai tsaya a ƙofar gidan mutane, ko ruwa ba a kawo masa ba, ya fara da jera matsalolinsa? Ai sai an zauna, an huta, sannan a ce dama akwai 'yar magana.

"Babu komai, sai alheri."

"In miƙo muku hannun ja?"

"Haba, ranka ya daɗe, kada ka wahalar da kanka."

Madugu ya gyaɗa kai, alamar na yi daidai. Ita kanta Tasalla ba ta ga aibu ba. A ƙasarmu in an yi maka tayi ka ƙi, a sake ka ƙi, sai a na uku ka karɓa kana cewa an matsa maka. Muka tsaya jiran tayi na biyu.

"To," in ji mai ƙofa.

Muna kallo hannun nan ya naɗe kansa gaɓa-gaɓa, ya shige raminsa, murfi ya rufe.

"Zai sake tambaya," in ji Madugu. "Kara yake yi mana."

"Madugu, saura kamu arba'in," in ji Tasalla. "Talatin. Baduku, yi magana!"

Na danna rediyo. "Af, ranka ya daɗe, dama akwai 'yar magana. Ƙugiyar tamu ta ɗan lanƙwashe."

"Kun ce lafiya lau."

"Ai gaisuwa ce!"

"Mene ne gaisuwa? Hannu yana ɗaukar rabin awa kafin ya sake fitowa. Ku tsaya."

Kumbo ba jaki ba ne da za a ce masa tsaya ya tsaya. Madugu ya ja birki iya ƙarfinsa, ya rage mana gudu, amma bai hana mu isa ba. Ƙugiyar ta goge bakin ƙofar Zango, ta zame, ta karye, ta juyo ta tsaga wuyan kumbonmu. Muka yi baya muna juyi. Da Tasalla ta samu ta tsayar da mu, sai muka ji wani siririn fito daga wajen wuyan, fiii, ba ya yankewa. Iskarmu ce ke fita.

Mai ƙofa ya dawo, muryarsa ba ta canza ba ko kaɗan. "Ƙofarmu ta tsage, gyaranta kwana arba'in. Ba za ku shiga ba. Man kumbonku na komawa gida ne kawai. Ku juya."

 Ga Zango nan, da zan miƙa sanda da na taɓa shi, Gwaggo na ciki, kumbo na gaba kuma sai bayan shekara uku. Ga shi ma komawar ba tabbas, don Tasalla ta duba ma'auni ta ce in ba a toshe tsagar ba iskar ba za ta kai mu gobe ba. Na zaro basilla na yi ɗinkin da na iya. Kowane rami da na huda sai ya zama sabon bakin fito. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja wa mutum biyu da ba su ji ba ba su gani ba.

Sai rediyo ya yi ƙara, wata murya ta fito wadda ko a kabari na ji ta zan miƙe tsaye.

"Wane sakaran ne ya ce lafiya lau?"

"Ni ne, Gwaggo."



"Korau? Kai ne da muryar ubanka haka?" Ta yi tari. "To ai shi ke nan, an taru an zama ɗaya. Matso taga in gan ka."

Na matsa. A wata 'yar taga ta jikin Zango na hango ta, an ɗaura ta da ɗamara a bango don kada ta yi yawo, kanta fari sol, ƙirgi a hannun hagu, basilla a dama. Na ɗaga hannu zan fara gaisuwa.

"Ka gaishe ni in mare ka daga nan. Warware wannan shirmen da ka yi. Ke mai inji, riƙe shi saitin tagar nan kada ya juya."

"Minti ashirin nake da shi, Gwaggo," in ji Tasalla. "In ya wuce, man komawa zan taɓa."

"Ya isa, in dai yaron nan ba a kokawa ya bar hankalinsa duka ba."

Ina da shekara arba'in da shida a lokacin, amma ban musa ba.

Ta ɗaga ƙirgin saitin gilashi. "Duba nan. Basilla ba ta ratsa fata. Cikin kaurinta take shiga, ta yi tafiya kamar gara a bango, ta fito ta fuskar da ta shiga. In babu ramin da ya fita waje, ta ina iska za ta bi? Kwantar da hannunka. Ba haka ba! Nama kake tsirewa?"

Na kwantar da hannu. Basilla ta shiga, ta suɓuce, ta soke ni a yatsa, jinin ya fito ya dunƙule yana yawo a gaban hancina. Na sake. Ta nuna mini yadda ake naɗe leɓɓan tsagar ciki, ɗaya a kan ɗaya, yadda iskar da ke son fita ita za ta riƙa danne su da kanta. Madugu ya riƙe mini ƙafafu don kada in tashi, Tasalla na ɗan fesa mai tana daidaita mu, Gwaggo na zagi. Tagar tata kuwa sai ƙanƙancewa take yi, don muna ta nisa a hankali. A ɗinki na tara hannuna ya gane abin da kunnena ya kasa. A na ashirin da uku fiton ya yi ƙasa. A na talatin ya ɗauke.

Tasalla ta dubi ma'auni ta yi guɗa. Madugu ya saki ƙafafuna ya rungume ni, sannan ya tuna ko shi wane ne ya koma kujerarsa.

"Ya karkace," in ji Gwaggo, ko da yake daga inda take ba ta iya ganinsa. "Amma zai riƙe. Ku tafi."

Saura minti uku. Sai a lokacin hankalina ya dawo kan abin da idona ya gani tun ɗazu. Hannun da ya nuna mini ɗinkin rawa yake yi. Wuyanta ya zama kamar kara. Tsakanin zagi da zagi tana tsayawa neman numfashi.

"Gwaggo, ya jikin?"

"Da sauƙi."

Mai ƙofa ya sa baki, har da ɗan jin daɗi a muryarsa. "Gaskiya ne. Wata huɗu ke nan kullum tana cewa da sauƙi. Likita ya sallame ta."

 A Tudun Gishiri na ji mutane sun ce da sauƙi da safe, an yi jana'izarsu da la'asar. Duk Zangon nan babu mai jin wannan yaren sai ni, ni kuma ana ja na baya. Tona asirin babba a gaban baƙi abin kunya ne da ban taɓa yi ba. Na rufe ido na danna rediyo.

"Mai ƙofa, saurara da kyau, ba gaisuwa nake yi ba. Matar nan ba ta da lafiya, ciwon ya ci ƙarfinta. In ta ce da sauƙi, to ya yi tsanani. In ta ce ta ƙoshi, haɗiya ce ta gagare ta. In ta ce kada a wahala, a wahala. Kome za ku ba ta ku yi tayi sau uku. In kuwa kuka ji ta ce babu komai, ku kira likita da gudu."

"An rubuta," in ji mai ƙofa. "Likita na zuwa."

"Korau!" Gwaggo ta daka tsawa har rediyo ya yi ƙara. "Ɗan banza mai bakin ganga! Ni za ka tona wa asiri a garin mutane? Da na sani da na bar ka da ɗinkin tsirenka!"

Tasalla ta kunna inji. Ina kuka ina dariya har tagar ta ɓace.

Bayan kwana biyu muka faɗo da lema a tsakiyar wata gonar kabewa, nesa da inda aka shirya tarbarmu da tafiyar yini huɗu. Muka fito da rarrafe, fuska a kumbure, ƙafafu sun manta aikinsu. Mai gonar ya zo da fartanya a kafaɗa, ya dubi kumbo yana hayaƙi, ya dubi kabewarsa da ta zama miya, ya ce, "Sannunku da zuwa. Ya hanya?" Madugu Jatau, yana kwance a cikin kabewa, ya ce, "Lafiya lau."

A Birnin Ƙaho aka kafa kwamiti ya zauna wata shida, ya fitar da littafi mai kauri a kan ƙugiya. Ni dai aka ba ni aikin ɗinka wuyan kumbo na gaba, aka kuma hana ni taɓa rediyon tafiya har abada, ban ce an zalunce ni ba.

Gwaggo ta ƙara shekara biyu da wata biyar. Likitocin Zango suka same ta da ciwon huhu, suka tsare ta da magani, kowane cokali sai an yi mata tayi sau uku kamar yadda aka rubuta. A Alhamis ɗin farko ta kowane wata akan ba mu minti uku mu yi magana daga tashar Birnin Ƙaho, mai ƙofa na riƙe da agogo, in lokaci ya cika ya yanke ko a tsakiyar kalma ne. Minti biyu na zagina ne a kan ɗacin maganin da na ja mata. Na ukun na ɗinki ne: yadda ake juya kwana, yadda ake ƙulla ƙarshe, irin kakin da ake shafa wa zare. Matar da ta ce ɗinki ba ya shiga takarda, sai ga shi ta tura shi duka ta cikin zagi. Ni kuma ina ƙirga watannin da suka rage kumbo ya tashi.

Saura wata bakwai, wata Alhamis da hantsi, na zauna na gyara kunne ina jiran rabona na zagi. Sai na ji numfashinta kawai.

"Gwaggo, ya jikin?"

"Korau," ta ce, a hankali. "Yau jikin babu daɗi. Ba zan kai zuwanka ba. Kuma ina ɗan jin tsoro. Yi mini hira."

Ban taɓa jin wani daga gidanmu ya faɗi irin wannan magana a fili ba. Sai na fara. Na ba ta labarin unguwarmu gida-gida, wanda ya yi aure da wanda ya yi jika, rijiyar da ta ƙafe, tsamiyar ƙofar gida da har yanzu yara ke jifa. Tana cewa "uhm," can ta ce wance ai tun tana yarinya ba ta da kunya, can kuma ta koma "uhm." Da na ɗaga kai na dubi agogon bango, mun yi awa ɗaya da kwata. Mai ƙofa yana kan layi, ina jin numfashinsa, bai yanke ba.